Babi na Shida: Duwatsu Goma Sha Biyu a Ƙirjin Mutum Ɗaya

A zamanin mulkin Roma, a kusurwar arewa maso yammacin Haikalin Urushalima akwai wata kagara mai hasumiya huɗu, sunanta Antoniya. Daga kanta sojojin Roma suke hangen duk abin da ke gudana a harabar ibada. A cikinta kuma akwai wani ɗakin dutse da ake tsaro dare da rana, alhali abin da ke ciki tufafin mutum ɗaya ne kawai: kayan hidimar babban firist na Yahudawa.

Yosifus, marubucin tarihin nan Bayahude wanda ya fito daga gidan firistoci, ya kuma ga Haikalin da idonsa, shi ya bar mana bayanin yadda ake yi. Ɗakin yana rufe da hatimin firistoci da na ma'ajin Haikali, shugaban sojojin kagarar kuma yakan kunna fitila a wurin kullum. In idi ya rage kwana bakwai sai a je a karɓo kayan, a tsarkake su, babban firist ya sa ya yi hidima, da an wuce ranar farko ta idin a mayar da su. Sau huɗu ake haka a shekara, a manyan idodi uku da kuma ranar babban azumi. Tsarin ya ci gaba daga shekara ta 6 Miladiyya, lokacin da Roma ta karɓi mulkin ƙasar Yahudiya kai tsaye, har wajen shekara ta 36 ko 37, sa'ad da Bitaliyus gwamnan Suriya ya sakar wa firistoci kayansu.

Gadon dabarar Roma ta yi daga Sarki Hirudus, shi kuwa Hirudus ya san abin da yake tsoro. Wajen shekara ta 35 kafin haihuwar Annabi Isa ya naɗa ƙanin matarsa, Aristobulus, babban firist. Yaro ne ɗan shekara 17, kyakkyawa, jinin gidan Hasmoniyawa waɗanda Hirudus ya ƙwace mulki daga hannunsu. A Idin Bukkoki ya sa kayan ya nufi bagade, jama'a suka gan shi cikin tufafin kakanninsa, suka kasa ɓoye ƙaunarsu. Ba a jima ba aka yi liyafa a Yariko, aka shiga iyo a tafki, mutanen sarki suka yi ta danna kan yaron cikin ruwa da sunan wasa har rai ya yi halinsa. Yosifus ya ce Hirudus ya riƙe kayan a kagara ne saboda yana ganin muddin suna hannunsa jama'a ba za su tayar masa ba.

Ko bayan an saki kayan, magana ba ta mutu ba. A shekara ta 44 sabon gwamna, Fadus, ya ce a mayar da su Antoniya. Manyan Yahudawa suka ba da 'ya'yansu jingina don a bar su su aika wakilai Roma, sai Kaisar Kalaudiyus ya amsa da wasiƙa a shekara ta 45, ya bar kayan a hannunsu. Mai mulki daga Sifen har Suriya ya zauna ya yanke hukunci a kan riga da rawani. Kafin mu gane dalili, sai mun duba kayan ɗaya bayan ɗaya.

Kaya takwas

Bayanin tufafin yana cikin Attaura, a Littafin Fitowa sura ta 28 da ta 39. A can aka ce an umarci Annabi Musa ya sa a ɗinka wa ɗan'uwansa Annabi Haruna tufafi na daraja da ƙawa, aka kuma ambaci masu aikin da suna: Bezalel na kabilar Yahuza, da Oholiyab na kabilar Dan, gwanin sassaƙa da saƙa da surfani. Al'adar addini ta kai wannan bayani can zamanin zaman jeji bayan fitowa daga Masar. Masu binciken tarihin littafin da dama suna ganin firistoci ne suka rubuta shi a siffarsa ta yanzu wajen ƙarni na 6 ko na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, wasunsu kuma na cewa ya girmi haka. Ko ma yaya ne, shi ne ma'aunin da aka bi har ranar da Haikali ya faɗi.

Kowane firist yana da kaya huɗu: wando na lilin daga ƙugu zuwa cinya, doguwar zilaika, ɗamara, da abin rufe kai. Ba a ambaci takalmi ba, malaman Yahudawa kuma sun ce ƙafa ba takalmi ake hidima. Babban firist yana da waɗannan huɗun, sai ƙarin wasu huɗu da suka keɓe shi.

Na farko taguwa ce, shuɗiya gaba ɗaya, da aka ƙarfafa bakin wuyanta da saƙa don kada ya yage. A gefenta na ƙasa an jera 'ya'yan rumman na zare, tsakanin kowane biyu akwai 'yar ƙararrawa ta zinariya, domin a ji motsinsa in ya shiga wuri mai tsarki, a ji in ya fito. Na biyu falmaran ne da ake sawa a kan taguwar, saƙaƙƙe da zaren shuɗi da shunayya da mulufi da lallausan lilin da kuma zinariya. An faɗi yadda ake yin zaren zinariyar: a buge ta har ta zama falle, a tsaga falle siri-siri, a murɗa cikin saƙa. A kafaɗun falmaran akwai duwatsu biyu, kowanne ɗauke da sunayen shida daga cikin 'ya'yan Annabi Yakubu, bisa jerin haihuwarsu. Na uku shi ne ƙyallen ƙirji, murabba'i, tsawo taƙi ɗaya faɗi taƙi ɗaya, wato wajen santimita 22, an ninka shi biyu ya zama kamar jaka. A fuskarsa duwatsu goma sha biyu ne cikin gurabun zinariya, layi huɗu, uku-uku, kowane dutse da sunan kabila ɗaya. Sarƙoƙin zinariya ne ke rataye shi daga kafaɗa, igiya shuɗiya kuma ta ɗaure shi daga ƙasa don kada ya rabu da falmaran. Na huɗu ɗan allon zinariya ne a goshi, ɗaure a jikin rawani, da rubutu mai nuna keɓewa ga Ubangiji.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya lura da su. Zaren da aka saƙa falmaran da shi, in an cire zinariya, shi ne wanda aka saƙa labulen alfarwar sujada, ɗakin ibadar Bani Isra'ila a jeji, da shi, wato an yi wa mutumin sutura da kayan ɗakin da yake yi wa hidima. Sannan Attaura ta hana talaka sa tufa da aka gauraya ulu da lilin a cikinta, amma kayan babban firist gaurayen ne. Abin da aka haramta wa kowa a gida da kasuwa, shi aka wajabta wa babban firist a gaban bagade.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san sarauta ba ta tabbata da takardar gwamna kaɗai, sai an naɗa rawani an yafa alkyabba a bainar jama'a. A wurin Bani Isra'ila abin ya zarce haka. Littafin Ƙidaya ya ba da labarin rasuwar Annabi Haruna a kan Dutsen Hor: Annabi Musa ya tuɓe masa kayan tun yana da rai, ya sa wa ɗansa Ele'azara, sannan Haruna ya cika. Doka ta ce magaji zai sa su kwana bakwai a jere. Talmud, babban kundin shari'a da ruwayoyin malaman Yahudawa, ya hukunta cewa firist da ya yi hidima ba da cikakkun kayansa ba, hidimarsa ɓatacciya ce. Ya kuma ruwaito cewa a zamanin Haikali na biyu, wanda aka gina bayan Babila ta rushe na farko, man shafewa mai tsarki ya ɓace, saboda haka da sa kayan kaɗai ake naɗa babban firist. Wanda ya riƙe kayan ya riƙe muƙamin. Wannan ne Hirudus ya gane, Romawa kuma suka koya daga gare shi.

Rini daga teku

Tsadar kayan ta fara ne daga launi. Mulufi ana samunsa daga wani ƙaramin ƙwaro da ke maƙale a jikin itacen oak, a busar da shi a niƙa. Shuɗi da shunayya kuwa daga wasu irin dodon koɗi na Tekun Bahar Rum ake fitar da su. Ana fasa ƙoƙon, a ciro wata 'yar tsoka mai ruwa, a jiƙa ta kwanaki cikin tukunya ana ɗumamawa, sannan a tsoma ulu. Mutanen Taya da Sidon, a gaɓar Lebanon ta yau, su ne suka shahara da sana'ar, kuma har yanzu ana tono tarin fasassun ƙoƙuna a wuraren marinarsu. A 1909 wani masanin haɗa sinadarai, Paul Friedländer, ya gwada: dodon koɗi 12,000 suka ba shi giram 1.4 na tsantsar rini.

A 2021 masu binciken kayan tarihi Naama Sukenik da Erez Ben-Yosef da abokan aikinsu suka sanar da samun tsummokaran ulu masu wannan shunayya a kwarin Timna, tsohuwar mahaƙar tagulla da ke hamadar kudancin Isra'ila, tazarar kusan kilomita 300 daga tekun da ake kamo dodon. Gwaji ya nuna sun kai wajen shekara ta 1000 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan rinin yana yawo a yankin tun zamanin da ake danganta wa Annabi Dawuda.

Shuɗin ya fi ba da wahala, domin sana'arsa ta ɓace a tsakanin Yahudawa ƙarnoni da yawa. A shekarun 1980 wani masanin rini, Otto Elsner, ya lura cewa in aka bar ruwan rinin wani nau'in dodon koɗi a rana kafin a tsoma ulu, shuɗi yake fitowa maimakon shunayya. Sinadarin da ke saura a ƙarshe shi ne dai wanda ke cikin ganyen baba da marina ke jiƙawa a karofi. Shi ya sa ido ba ya iya raba su, shi ya sa kuma Talmud ya yi kakkausan gargaɗi ga mai rina zaren ibada da shunin ganye mai araha ya ce na teku ne.

Waɗanne duwatsu ne?

Ga sunayensu da Ibrananci, layi-layi: odem, fitda, bareket; nofek, saffir, yahalom; leshem, shebo, ahlama; tarshish, shoham, yashfe. Jerin bai faɗi launin ko ɗaya ba, bai kuma faɗi inda ake haƙo su ba, don masu sauraro na farko sun san su. Da ƙarnoni suka shuɗe sai sanin ya dusashe. Yahudawan Iskandariya da suka mayar da Attaura Girkanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa sun ba da nasu jerin da sunayen duwatsun da ake sayarwa a zamaninsu. Yosifus ya jera su a littattafansa biyu, jerin kuma bai zo ɗaya ba. Baibul ɗin Ingilishi na 1611 ya sa daimon a layi na biyu, wanda ba zai yiwu ba: daimon ya fi kowane dutse tauri, masu sassaƙa na wancan zamani ba su da abin da za su zana suna a jikinsa.

Masanan duwatsu irin su James Harrell, wanda ya daɗe yana nazarin tsofaffin mahaƙun Masar, sun bi wata hanya. Suka tambaya waɗanne duwatsu ne ake samu a kaburbura da kufai na yankin a wancan zamani, daga ina suke, kuma za a iya zana su? Da wannan ma'auni wasu suka fito fili.

Odem jan dutse ne mai ɗan ratsa haske, dangin wanda ake yin tsakiya da shi, kuma babu dutsen da ya fi shi yawa a cikin tsofaffin duwatsun wuya na Masar da Kan'ana. Saffir ba shuɗin yakutu ba ne da ake kira da irin wannan suna a yau. Marubutan Girka da Roma sun siffanta nasu da dutse shuɗi mai ɗigo-ɗigon zinariya, wannan kuwa siffar lazuwardi ce, wanda mahaƙarsa ta dā take Sar-i-Sang a tsaunukan Badakshan, arewa maso gabashin Afganistan. Daga can fatake suke miƙa shi hannu zuwa hannu, ta Farisa da Iraƙi, har Masar. Nofek masana da yawa suna ganin firoza ce, dutse mai launi tsakanin shuɗi da kore, wadda Fir'aunoni suka yi ta aika ma'aikata su haƙo a Serabit al-Khadim da Wadi Maghara a Sina'i, wato a cikin hamadar da labarin Fitowa ya ce Bani Isra'ila sun ratsa. Leshem da ahlama sun yi kama da sunayen da Masarawa ke ba wani koren dutse da wani ja, ko da yake masu fassarar Iskandariya sun ɗauki ahlama a matsayin dutsen nan mai launin shunayya da ake haƙowa a Wadi al-Hudi kusa da Aswan. Fitda kuma sun ɗauke shi zubarjadi, kore mai ratsin rawaya, wanda a zamaninsu ake kawowa daga tsibirin Zabargad a Bahar Maliya. Tarshish da shoham su ne aka fi saɓani a kansu.

Duk da saɓanin, taswirar ta bayyana. A kan ƙyallen da bai wuce taƙi ba an tara Sina'i da hamadar Masar da tsaunukan Afganistan. Siffarsa ma ba baƙuwa ba ce a yankin: a kabarin Fir'auna Tutankamun, da aka buɗe a 1922, an sami kayan adon ƙirji na zinariya da aka cusa wa jan dutse da lazuwardi da firoza. Bambancin yana ga abin da ke kan su. Na Fir'auna suna ɗauke da siffofin alloli da sunan sarki. Na babban firist ba siffa ko ɗaya, ba kuma sunan mai sawa. Sunayen jama'a ne, aka ce ya ɗauke su a kafaɗa da kuma a kan zuciyarsa duk lokacin da zai shiga gaban Ubangiji, don tunawa.

An ce a zana sunayen irin zanen hatimi, kuma wannan sana'a ce da aka sani sosai a ƙasar. An tono ɗaruruwan hatimai masu rubutun Ibrananci. Mafi shahara shi ne wanda aka samu a Magiddo a 1904, mai siffar zaki yana ruri da sunan Shema bawan Yerobowam, wanda aka aika wa Sarkin Musulmi na Istanbul, ya kuma ɓace daga nan. Mai sassaƙa yakan murza ɗan tsinken ƙarfe da igiyar baka, yana zuba garin dutse mai tauri a bakinsa. Garin ne ke cin dutsen, tsinken jagora ne kawai. Malaman baya, da sana'ar ta yi musu nisa, sun ruwaito wata halitta mai suna shamir, ba ta fi ƙwayar sha'ir ba, wadda ake ajiyewa cikin ulu a bututun darma. Suka ce sai a rubuta suna da tawada, a nuna mata, dutsen ya tsage bisa rubutun ba tare da ko ƙura ta zuba ba.

Akwai wata ruwayar Talmud da ta nuna yadda ake neman irin waɗannan duwatsu. Wani ba Bayahude ba a Ashkelon, Dama ɗan Netina, yana da dutsen da ake bukata. Dattawa suka zo da kuɗi mai yawa, sai aka tarar mabuɗin akwatin yana ƙarƙashin kan mahaifinsa, shi kuwa yana barci. Dama ya ƙi tashinsa, ya haƙura da cinikin. Malamai suka mai da shi misalin biyayya ga iyaye.

Abin da ke cikin jakar

An ninka ƙyallen ne don a sa wani abu a ciki, wanda ake kira Urim da Tummin. Attaura ba ta siffanta su ba, ba ta ce a ƙera su ba, cewa kawai ta yi a sa su. Daga labaran da aka yi amfani da su ake gane aikinsu. Da Sarki Saul, wanda Musulmi suka sani da Ɗalutu, ya nemi sanin wanda ya karya rantsuwar azumi a ranar yaƙi, sai aka raba jama'a gefe ɗaya, shi da ɗansa Yonatan gefe ɗaya, aka yi ta rarrabewa har abin ya faɗa kan Yonatan, wanda ya lashi zuma bai san da rantsuwar ba. Da Dawuda yake gudun Saul a garin Kaila, ya sa firist Abiyata ya kawo falmaran, ya tambaya ko Saul zai zo, ko mutanen garin za su bashe shi. Tambayoyin duk masu amsar i ko a'a ne, shi ya sa masana da yawa ke ganin wata irin ƙuri'a ce mai tsarki. Amsa kuma tana iya ƙin zuwa, kamar yadda aka yi wa Saul shiru a daren yaƙinsa na ƙarshe.

Talmud ya kawo wani bayani dabam, cewa haruffan da ke kan duwatsun ne ke haskawa su haɗa amsa. Yosifus ya ce duwatsun kan yi walƙiya in nasara na tafe, amma sun daina shekara 200 kafin ya yi rubutunsa. Abin da Mishna, tsohon kundin dokokin malaman Yahudawa, ta tsaya a kai shi ne ba a tambaya don bukatar mutum ɗaya, sai don sarki ko kotu ko wanda jama'a ke bukata. Bayan Babila ta rushe Haikali na farko a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, nassi bai sake ambaton an yi amfani da Urim da Tummin ba. Littafin Ezra ya ce wasu iyalai da suka dawo daga bauta a Babila sun kasa nuna takardar asalinsu ta firistoci, sai gwamna ya jingine maganarsu har ranar da za a sami firist mai Urim da Tummin. Ba a taɓa ruwaito cewa ranar ta zo ba.

Ranar da ake tuɓe zinariya

Rana ɗaya tak a shekara babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki, ɗaki na can ciki a Haikali, a Ranar Kafara, wato ranar babban azumi. Mutum zai zaci a ranar ce zai fi yin ado. Littafin Firistoci sura ta 16 ya ce akasin haka: ya yi wanka, ya sa farin lilin zalla, zilaika da wando da ɗamara da rawani, ba zinariya, ba launi, ba dutse, ba ƙararrawa. Da ya gama sai ya tuɓe su ya bar su a wurin, ya sake wanka, ya koma kayan ado don sauran hadayu. Mishna, da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta ce a ranar yakan yi wanka sau biyar, ya wanke hannu da ƙafa sau goma, lilin ɗin safe daga Felusiyum ta Masar, na yamma daga Indiya.

Malamai sun ba da dalili: zinariya tana tuna ɗan maraƙin da Bani Isra'ila suka ƙera a gindin Dutsen Sina'i, kuma abin da ya zama shaida a kanka ba ya zama mai cetonka. Sakamakon wannan doka shi ne duwatsun goma sha biyu, da duk tsadarsu, ba su taɓa shiga ɗaki na can ciki ba. Aikinsu yana waje, a wurin turare da fitila da bagade, inda mutum ɗaya ke tsayawa a madadin kowa. A wurin neman gafara kuwa, kayansa ba su fi na ƙaramin firist ba.

Malaman sun kuma ɗora wa kowace sutura laifin da take kankarewa. Rawani na girman kai ne, ɗamara ta mugun tunanin zuciya, ƙyallen ƙirji na karkatar da shari'a, taguwa mai ƙararrawa ta gulma da ɓata suna, wai sauti ya zo ya shafe laifin sauti. Ko tsufa kayan suka yi ba a yar da su: tsofaffin wanduna da ɗamarun firistoci ake yayyagawa a yi lagwanin manyan fitilun Idin Bukkoki.

Bayan shekara ta 70

A shekara ta 70 Miladiyya sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikali. Yosifus, wanda yake cikin sansanin Romawa a lokacin, ya ce wani firist, Yesu ɗan Tebuti, ya sayi ransa da kayan Haikali: fitilu da tebura da tasoshin zinariya da labule da tufafin manyan firistoci tare da duwatsunsu. A jikin ƙofar tunawa da Titus da ke Roma har yau ana ganin sassaƙen sojoji ɗauke da alkuki mai rassa bakwai da tebur da ƙahoni. Wani malami na ƙarni na 2, Eliyezer ɗan Yose, ya ce ya ga allon goshin a Roma da idonsa. Daga nan labarin kayan ya yanke.

Siffarsu kuwa ta yi rassa. Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, ya siffanta sabuwar Urushalima da harsashi goma sha biyu na duwatsu masu daraja. A ƙarshen ƙarni na 4 Bishop Efifaniyus na Salamis a tsibirin Kubrus ya rubuta littafi sukutum a kan duwatsun ƙirjin Haruna. A majami'un Yahudawa da yawa, naɗaɗɗen littafin Attaura ake yi wa riga, a rataya masa allon azurfa a gaba, a sa masa kawuna masu 'yan ƙararrawa waɗanda ake kira rumman. Da aka rasa mutumin da zai sa kayan, sai aka sa wa littafin da ya siffanta su.

Ɗaya reshen ya bi kasuwa. Yosifus ya taɓa cewa ana iya fahimtar duwatsun a matsayin watanni goma sha biyu ko buruji goma sha biyu, na kafaɗa kuma rana da wata. Marubutan Kirista suka ɗauki wannan, a hankali Turawa suka ba kowane wata dutsensa, daga baya kowa ya koma sa dutsen watan haihuwarsa. A 1912 ƙungiyar masu sayar da kayan ado ta Amurka ta fitar da jeri tsayayye, wanda da 'yan gyare-gyare shi ake talla da shi har yau.

Jerin na 1912 ya riƙe lissafin goma sha biyu, ya saki ma'anar. Mai sayen zoben watan haihuwa dutse ɗaya yake zaɓa, nasa, don ya faɗi ko shi wane ne. Babban firist ba shi da wannan zaɓi. Kabilar Yahuza mai sarauta da ta Biliyaminu ƙarama, dutse ɗaya-ɗaya suka samu, a cikin gurbi iri ɗaya. Kabilu goma na arewa sun watse tun da Assuriya ta ci Samariya wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa, amma dokar ba ta rage ko suna ɗaya ba. Shekaru ɗaruruwa bayan haka, duk wanda ya gaji muƙamin, nagari ne ko wanda ya saye shi da kuɗi, dole ya shiga da sunayen goma sha biyun a ƙirjinsa, har da na waɗanda ba wanda ya san inda zuriyarsu take.